Dillalin Kansa: Me Ya Sa Ake Cewa Mai Neman Aiki Ya Bayyana Kansa?

Kusan duk ganawar neman aiki, wadda aka fi sani da intabiyu, da jumla ɗaya take buɗewa. Mai neman aiki zai shigo, ya gaida kwamiti, a nuna masa kujera, sannan shugaba ya ɗago kai ya ce: “To, ba mu labarin kanka.” A Kano da Abuja da Turanci tambayar take zuwa, a Yamai da Damagaram da Faransanci, amma ma’anarta ɗaya ce. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake yin ta, takardar tarihin karatu da aikin mutumin tana shimfiɗe a kan tebur. Sunansa na ciki, makarantun da ya yi na ciki, wuraren da ya yi aiki ma na ciki. To me kuma ake nema?

Amsar a taƙaice ita ce, tambayar ta fi yi wa mai tambaya hidima fiye da yadda take auna wanda ake tambaya. Tana da amfani na gaske, amma ba ta da ƙarfin nuna wanda zai iya aiki. Kwamitoci da yawa sun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta, kuma waɗanda suka fi cutuwa da hakan su ne mutanen da aka rena a kan cewa yabon kai jahilci ne.

Abin da mai tambaya yake nema

Dalili na farko ba a cika faɗar sa a fili ba: neman lokaci. Kwamitin da zai ga mutum ashirin ko talatin a wuni ɗaya da wuya a ce kowane ɗan kwamiti ya karanta takardun kowa a tsanake. Minti biyun da mai neman aiki zai yi yana bayani su ne damar da wasu daga cikinsu za su leƙa takardarsa, su tuna wane ne a gabansu.

Na biyu shi ne kwantar da hankali. Wanda ya kwana yana zullumi, ya yi sammako, ya zauna sa’o’i a kan benci yana jiran a kira sunansa, ba zai ba da amsa mai kyau ba idan aka tare shi da tambaya mai tsauri tun daga bakin ƙofa. Ana ɗauka cewa babu batun da mutum ya sani kamar kansa, don haka a fara masa da mai sauƙi har muryarsa ta daidaita.

Na uku shi ne mafi nauyi. Mutum mai shekara talatin yana da labarin da kwana uku ba za su ishe shi bayarwa ba, ga shi an ba shi minti biyu. Dole ya zaɓa. Abin da ya ɗauko da abin da ya bari su ne ke nuna ko ya fahimci aikin da yake nema. Wanda ke neman aikin akanta, ya share rabin lokacinsa yana labarin makarantar firamare, ya riga ya gaya wa kwamiti cewa bai zauna ya yi tunanin abin da suke buƙata ba. Takarda tana jera abubuwa ne bisa shekaru, amma baki yana jera su bisa muhimmanci, kuma wannan jerin na biyu kwamiti yake son ji.

Na huɗu ya shafi ayyukan da magana ce jarinsu: koyarwa, talla, aikin jarida, hulɗa da jama’a, karɓar baƙi. A irin waɗannan, yadda mutum ya tsara bayani cikin ɗan lokaci wani yanki ne na aikin kansa. Na biyar kuma, amsar takan ba ’yan kwamiti inda za su kama. Da zarar mutum ya ambaci wani aiki da ya jagoranta, tambaya ta gaba ta samu.

Akwai kuma abin da tambayar take jawowa ko da mai yin ta bai yi niyya ba. A Amurka, dokar ’yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, kuma Birtaniya tana da makamanciyarta ta 2010. Saboda haka kamfanoni a can suna gargaɗin ma’aikatansu da su guji tambayar aure, addini ko haihuwa kai tsaye. A Nijeriya ma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra’ayin siyasa. Amma idan aka ce wa mutum ya ba da labarin kansa, sau da yawa shi da bakinsa yake zube duk waɗannan a kan tebur: garinsu, gidansu, yawan ’ya’yansa, wane ne mahaifinsa. Gaskiya ne jihar mutum tana da tasiri a aikin gwamnatin tarayya saboda tsarin raba-daidai da sashe na 14 ya tanada, sai dai wannan a takarda ake cike shi tun kafin ranar ganawa. Maimaita shi da baki ba ya ƙara wa mai neman aiki komai, yana dai buɗe ƙofar son kai ga wanda zuciyarsa ke da wannan rauni.

Abin da bincike ya nuna

Shakku a kan hira maras tsari ya fi shekara ɗari. A 1922 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Harry Hollingworth, ya ba da rahoton wani gwaji: manajojin talla 12, dukkansu gogaggu, suka gana da masu neman aiki 57, kowanne ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Jerin nasu ya saɓa ƙwarai, har aka samu mutumin da wani manaja ya sa shi na 1, wani kuma ya sa shi na 57. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, alƙalai biyu.

Wani misalin daga ɗaukar ɗalibai ya fito, amma darasinsa ya shafi ɗaukar ma’aikata. A 1979 majalisar dokokin jihar Teksas ta umarci makarantar likitanci ta jami’ar jihar da ke birnin Hustan ta ƙara yawan sababbin ɗalibai daga 150 zuwa 200, bayan an riga an gama zaɓe. Tilas makarantar ta koma cikin waɗanda kwamiti ya gana da su ya ƙi, ta ɗauko 50. Da aka bi sawun rukunin biyu har suka gama karatu suka shiga shekarar farko ta horon asibiti, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin waɗanda kwamiti ya so da waɗanda ya ƙi. An buga sakamakon a 1987.

A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma’aikata, suka auna yadda kowace hanya take hasashen ƙwazon mutum bayan an ɗauke shi, a ma’aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa. Ganawa mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kuma ba da maki bisa ƙa’ida, ta samu 0.51. Hira maras tsari ta samu 0.38. Da Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin a 2022 da gyararrun hanyoyi, sai tazarar ta ƙara faɗi: ganawa mai tsari 0.42, wadda ta zama ta gaba a jerin, maras tsari kuwa 0.19.

Me ya sa to masu ɗaukar aiki suka ƙi rabuwa da hirar? Wani gwaji da Jason Dana da abokansa suka buga a 2013 ya haska wannan. An sa ɗalibai su yi hasashen sakamakon da wasu ’yan uwansu ɗalibai za su samu a zangon karatu mai zuwa. A wasu daga cikin hirarrakin, an umarci wanda ake tambaya ya riƙa ba da amsar “e” ko “a’a” da ka, ba tare da la’akari da gaskiya ba. Masu tambayar ba su gane ba, har ma suka fito suna jin sun fahimci mutumin. Hasashensu kuwa bai kai wanda za a samu daga duba sakamakon baya kawai kyau ba. Zuciyar ɗan Adam ta iya ɗinka labari daga tsummoki, ta kuma gaskata ɗinkin nata.

Kamfanin Google ma ya ɗanɗana wannan. A 2013 shugaban sashen ma’aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya shaida wa wata jaridar Amurka cewa sun duba dubban ganawa, suka kwatanta makin da aka ba mutane da aikin da suka yi daga baya, ba su ga alaƙa ba. Daga nan kamfanin ya karkata zuwa ganawa mai tsari.

“Ba mu labarin kanka” ita ce uwar tambayoyi marasa tsari. Ba ta da amsar da za a ce daidai ce, ba ta da ma’auni, kuma tana zuwa a lokacin da zuciyar mai sauraro ta fi saurin yanke hukunci. Hausawa kan ce Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ɗan kwamiti yakan riƙi mintocin farko a matsayin Larabarsa. Idan mutum ya burge shi a nan, sauran ganawar sai ta koma neman hujjar abin da ya riga ya ƙudurta. Lauren Rivera ta Jami’ar Northwestern, wadda ta yi hira da masu ɗaukar aiki 120 a manyan bankuna da kamfanonin lauyoyi da na ba da shawara a Amurka, ta nuna a 2012 cewa abin da ke burge su sau da yawa shi ne kamanni: wanda ya yi irin wasanninsu, yake hutawa irin hutunsu, yake magana irin maganarsu. Suna kiran abin “dacewa”, alhali madubi suke dubawa.

Gidan da ba a yabon kai

A nan ne batun ya taɓo Bahaushe kai tsaye. A laccar da aka buga a 1974 a kan ma’anar mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu iya tallar kai a cikinsu. Yaron da ya tashi a wannan tarbiyya an koya masa ya sunkuyar da kai a gaban manya, ya taƙaita magana, ya bar wasu su faɗi alherinsa. Ga ’ya mace kuwa nauyin ya ninka.

Wannan ba ya nufin al’ummar ba ta da hanyar sanin wanda ya cancanta. Tana da ita, amma ta bakin wani take bi. Mai neman aure ba ya zuwa ya lissafa wa surukai kyawawan halayensa, magabatansa ne ke magana, dangin yarinya kuma su yi bincike a unguwa. Sarki ba ya wasa kansa, aikin maroƙa da makaɗa ne. Yaron da za a kai shago ko gareji, wani babba ne yake riƙo hannunsa ya ce ya tsaya masa. A kasuwancin shanu na Sabo da ke Ibadan, wanda Abner Cohen ya yi nazari a littafinsa na 1969, falke daga arewa yakan sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su sayar da shanun bashi ga mahauta, maigida kuma shi ne lamuni idan mahauci ya ƙi biya. Duk tsarin a kan shaidar wani yake tsaye, wanda kuma ya ba da shaidar yana da abin da zai rasa idan ta zama ƙarya.

Ganawar neman aiki ta zamani ta cire wannan mutum na tsakiya. Ta ce wa mai neman aiki shi ne haja, shi ne kuma dillali. Wanda ya tashi a gidan da ake sa yara su tsaya su yi jawabi, ya yi makarantar kuɗi inda ake muhawara da Turanci tun yana ƙarami, zai ji tambayar kamar an jefa kifi a ruwa. Wanda ya fito daga makarantar gwamnati a ƙauye, ko da ya fi kowa iya lissafi ko haɗa waya ko duba maras lafiya, zai iya daburcewa, ya faɗi sunansa da garinsu da shekarar da ya yi bautar ƙasa, ya yi shiru. Kwamiti sai ya rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa. Abin da aka auna a nan tarbiyya ce da harshe, aka kira su cancanta.

Amma ko a cikin al’adar akwai wurin da aka yarda mutum ya faɗi ko shi wane ne. Ɗan dambe yana kirari, ɗan tauri yana yi, maharbi ma haka. Sharaɗin kawai shi ne a fage ake yin sa, inda gwaji ke biyo baya nan take. Kirarin da hannu ya tabbatar ba a kiran sa fankama. Masu karatun Alƙur’ani kuma sun san cewa a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma ambaci siffofi biyu kacal da suka dace da aikin: tsare amana da sani. Malaman tafsiri sun kafa hujja da wannan a kan halascin mutum ya faɗi abin da ya iya idan buƙata ta kama, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shaida daban, yabo daban

Mafita ga mai neman aiki tana cikin rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Yabo shi ne mutum ya ce shi haziƙi ne, mai ƙwazo, mai gaskiya, mai son aiki. Kowa zai iya faɗar haka, kuma kwamiti ya ji shi daga bakin mutum goma kafin azahar. Shaida kuwa ita ce ya faɗi abin da ya faru: ga aikin da aka ba shi, ga abin da ya yi, ga yadda aka ƙare. Ma’aikaciyar jinya da ta ce ta yi shekara huɗu a ɗakin haihuwa, ita ce ke tsara jadawalin aikin dare, kuma ita ta horar da sababbin da aka kawo bara, ba ta yabi kanta ba. Rahoto ta bayar, wanda za a iya ɗaga waya a tabbatar. Kunya ba ta hana ba da rahoto.

Amsa mai kyau takan tsaya a kan ƙafa uku: abin da mutum yake yi yanzu, abu ɗaya ko biyu daga baya da suka shirya shi ga wannan aiki, da dalilin da ya sa wannan wuri yake nema. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa. Wanda bai taɓa aiki ba yana da aikin binciken kammala digiri, da bautar ƙasa, da shagon gidansu da ya riƙe wa lissafi, da ƙungiyar da ya yi wa sakatare. Asali, aure, addini da matsalolin gida a bar su a waje, haka ma sukar wurin da aka baro, domin baki shi ke yanka wuya. Ya kamata kuma a gwada amsar da murya a gaban wani kafin ranar, a harshen da za a yi ganawar, amma kada a haddace ta kamar karatun allo, don haddar takan tsinke da zarar an katse mutum da tambaya.

Abin da ya rataya a wuyan kwamiti

Kaso mafi girma na gyaran yana hannun masu ɗaukar aiki, domin su ne ke biyan kuɗin kuskure: asibitin da ya ɗauki mai daɗin baki ya bar mai hannu, marasa lafiya ne za su gane bambancin. Ba sai an jefar da tambayar ba. Ana iya barin ta a matsayin gaisuwa, a daina ba ta maki, sai a aikin da iya magana yake cikin sharuɗɗansa. Ana kuma iya ƙuntata ta, a ce wa mutum ya faɗi abubuwa biyu daga karatunsa ko aikinsa da suka shirya shi ga wannan kujera. Da haka wanda ba a koya wa dabarar ba zai san abin da ake so, ƙofar labarin asali kuma ta rufu.

Sauran hanyar sananniya ce. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, ya tsara irin ta tun 1955, yana ɗan shekara 21, lokacin da aka ba shi aikin gyara ganawar sababbin sojoji a rundunar Isra’ila. Ya ware halaye shida, ya sa a riƙa yin tambayoyi a kan abubuwan da suka faru a rayuwar mutum, a ba kowane hali maki daga 1 zuwa 5 kafin a wuce na gaba. Sai a ƙarshe aka bar mai tambaya ya faɗi abin da zuciyarsa ta raya masa. Sabon tsarin ya fi tsohon iya hasashe, kuma hukuncin zuciyar ma ya yi amfani da yake ya zo bayan an tattara hujja. Darasin shi ne a jinkirta shi, kada a buɗe da shi.

A rubuta abin da aikin ke buƙata tun kafin a buga talla. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin shugaba ya buɗe baki, don a wurin da ake girmama na gaba, maganar shugaba takan zama maganar kowa. Inda zai yiwu, a ba mutum ɗan aikin ya yi a gani: malami ya koyar na minti goma, akanta ya daidaita lissafi, ɗan jarida ya rubuta labari daga bayanan da aka miƙa masa. Gani ya kori ji.

Tambayar za ta ci gaba da buɗe ganawa a ofisoshi, domin tana da sauƙi kuma masu yin ta suna jin daɗinta. Mai neman aiki ya shirya mata, ya shiga da shaidarsa a hannu ba tare da jin ya saɓa tarbiyyar gidansu ba. Kwamiti kuma ya tuna cewa wanda ya iya ba da labarin aiki da wanda ya iya aikin ba kullum suke zama mutum ɗaya ba, kuma na biyun ake biya albashi dominsa.